Kunkuru Da Kifin Ado: A Yi Tunani Kafin A Saya

A wannan wata za mu yi magana a kan wani ciniki da ba kowa ya san da shi ba. Shi ne cinikin kunkuru, da kififiya, da ƙananan kifaye masu kyawun launi. Ba don ci ake sayensu ba, don kallo ne. A manyan biranen duniya mutane su kan ajiye akwatin gilashi a ɗaki, su cika shi da ruwa, su zuba waɗannan halittu a ciki don ado.

Ajiye dabba a gida ba laifi ba ne in ana kula da ita. Akwai kifayen ado da yawa da ake kiwo a gonar kifi, kamar yadda muke kiwon kaji. Waɗannan babu damuwa a kansu. Inda matsala take shi ne waɗanda ake kamowa daga daji, ko kogi, ko teku, alhali irinsu ya kusa ƙarewa, sannan a fitar da su ta hanyar fasa-ƙwauri.

Yadda Abin Yake Faruwa

A watan Janairu na 2014, jami'an ƙasar Indunusiya sun kama 'ya'yan kififiya fiye da 8,000 da aka cusa cikin akwatunan tafiya a filayen jirgin sama. Irin wannan kififiya tana da hanci kamar na alade, daga kogunan yankin Papuwa ake kwaso ta. A watan Afrilu na 2018 kuma, a garin Toliyara na tsibirin Madagaska, an buɗe wani gida an tarar da kunkuru wajen 10,000 a cunkushe, ba abinci, ba ruwa. Wari ne ya tona asirin gidan. Da yawa daga cikinsu sun mutu.

Kifi ma haka ne. A tsibiran Banggai na Indunusiya akwai wani ɗan kifi mai zanen baƙi da fari. Namijinsa ne ke riƙe ƙwai a cikin bakinsa har su ƙyanƙyashe. Ba ya haihuwa da yawa. Masu ado suka yi ta nemansa, har a shekarar 2007 aka sa shi cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa.

A Filifin da Indunusiya waɗansu masunta su kan fesa guba cikin duwatsun teku. Kifi ya sume, sai su kwashe. Wani ya mutu nan take, wani a hanya, wani bayan ya isa gidan mai saye. Mu ma mun san irin wannan ɓarna. Duk wanda ya taɓa ganin tafkin da aka zuba wa gamalin ya san manya da ƙanana duka ke tasowa.

Ina Ruwanmu Da Wannan?

Da ruwanmu ƙwarai. Babban kunkurun nan na ƙasashen Sahel namu ne. Ana samunsa daga Sanagal da Mali, zuwa Nijar, da arewacin Nijeriya, da Chadi, da Sudan. In ban da na waɗansu tsibirai, babu kunkurun tudu da ya kai shi girma a duniya. Babba ya kan haura kilo 80, ya kan kuma rayu fiye da shekara 70. Turawa da mutanen Asiya suna son ajiye shi a gida. Mu ma a nan, akwai masu ajiye shi a tsakar gida.

Wannan kunkuru yana da amfani a daji. Ya kan haƙa rami mai zurfi don ya tsere wa zafin bazara, waɗansu ƙananan dabbobi kuma su fake a ciki. Yana cin ciyawa, yana baza irinta a cikin kashinsa. Amma ba ya saurin yaɗuwa. Sai ya yi shekara 10 ko fiye kafin ya fara haihuwa, kuma mafi yawan 'ya'yansa ba sa rayuwa. Saboda haka in aka ɗauke babbar mace ɗaya, an yi asarar ƙwan shekaru masu yawa. Ku tambayi dattawan ƙauyenku, nawa suke gani a daji a da, nawa ake gani yanzu?

Me Doka Ta Ce?

A shekarar 1973 ƙasashen duniya sun taru a birnin Washinton na Amurka, suka ƙulla yarjejeniya a kan cinikin dabbobi da itatuwan da ke shirin ƙarewa. Ana kiranta CITES. Ta fara aiki a 1975. Nijeriya tana cikin ƙasashen farko da suka amince da ita, Nijar ma tana ciki. A 1985 gwamnatin Nijeriya ta kafa Doka mai lamba 11 don tabbatar da wannan yarjejeniya a gida. Tun shekarar 2000 kuma an hana fitar da babban kunkurun Sahel da aka kamo daga daji don ciniki zuwa wata ƙasa.

To, duk wanda baƙo ya ba shi 'yan kuɗi ya ce ya kamo masa, ya sani doka ake sa shi ya karya. Mai kamowa shi ke samun ɗan kaɗan, dillali shi ke cin riba. In an zo kamu kuwa, na ƙasa ake fara samu.

Laifin Mai Saye

Wani zai ce, "Ai ba ni na kamo ba, saye kawai na yi." Wani kuma ya ce, "Tausayinsa na ji, na saya don in cece shi." Duka biyun ba hujja ba ne. In ka sayi ɗaya yau, mai sayarwa ya ga kasuwa ta buɗe, gobe zai kawo biyar. Kuɗinka ne ya aike shi daji. Hausawa sun ce abokin ɓarawo ɓarawo ne.

Akwai kuma hakkin dabbar kanta. Malamai sun sha gaya mana labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Kunkurun da aka huda wa ƙoƙon baya aka ɗaure da igiya yana jin ciwo, ko da ba ya kuka. Ɗan ƙaramin da aka saya wa yaro zai girma, zai iya ma fin mai shi daɗewa a duniya. Wa zai kula da shi?

Ga kuma batun lafiya. Kunkuru da kififiya su kan ɗauki ƙwayar cuta mai sa zawo da zazzaɓi, ko da su kansu lafiyarsu ƙalau. Yara ƙanana ta fi kamawa. Don haka ne tun 1975 Amurka ta hana sayar da kififiyar da ba ta kai inci 4 ba.

Abin Da Ya Kamata Mu Yi

1. Kada mu kamo kunkuru ko kififiya don sayarwa, kada mu kwashe ƙwansu.
2. In za mu sayi kifin ado, mu tambaya daga ina ya fito. In ba na kiwo ba ne, mu bar shi.
3. In mun ga ana safarar waɗannan dabbobi, mu sanar da mai gari ko malamin daji.
4. Wanda ke da ɗaya a gida ya ba shi abinci, da ruwa, da inuwa. In ya gaza, ya nemi shawarar malamin daji.
5. Kada a saki baƙon kifi ko baƙuwar kififiya a tafkinmu, don za su iya cutar da namu.
6. Duk wanda ya taɓa su ya wanke hannu da sabulu.

Mai karatu, in ka gama, ka karanta wa maƙwabcinka da bai iya ba tukuna. Dajin nan gado muka same shi, amana ce kuma a hannunmu. Allah ya ba mu ikon riƙe ta, amin.