Masu Adana Faifai da Kaset a Ƙasar Hausa

A Kano da Katsina da Sakkwato, har gobe akwai dattawan da ke ɓoye da akwati cike da kaset-kaset na makaɗan gargajiya, wasu ma har da faya-fayan garmaho na gado. Yaro ba ya taɓawa. Kowane kaset da rubutunsa a jiki: sunan makaɗi, sunan waƙa, wani lokacin har da garin da aka ɗauka.

Abin yana da ladubbansa. Ba a cika ba da aron na asali ba, sai dai a kai wa mai ɗauka ya kwafa maka. In zare ya sarƙe, a sa biro a naɗe shi. In ya tsinke, a liƙe da jan farce. Da yamma a kunna rikoda a majalisa, musu ya kaure: da wa ake wannan zambo, a zamanin wane sarki aka yi waccan waƙa?

Dalilin wannan naci shi ne, makaɗin baka ba ya rubuta waƙarsa. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya sha rera Bakandamiya, amma kusan kowane zama da sababbin ɗiyan da yake sakawa. Don haka ɗaukar gidan rediyon Kaduna daban, ta filin biki daban, kuma mai adanawa duka yake nema. Wani kuwa sunan kakansa ne ya fito cikin waƙar, wani tarihin sarauta yake bi, kamar waƙoƙin Narambaɗa ga Sarkin Gobir na Isa, ko na Musa Ɗanƙwairo ga Sardauna Ahmadu Bello.

To, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu kuwa? In don kuɗi ne, a'a. Zafi da ƙurar hunturu suna cin zaren, mai gyaran rikoda ya yi wuya, ga masu turi suna cika wa matasa waya da waƙoƙi a kan kuɗi kaɗan. Sai dai da yawa daga tsofaffin waƙoƙin da ke yawo a wayoyin nan daga akwatin wani suka fito, kuma ɗaliban Hausa na jami'o'i wurin irin waɗannan mutane suke zuwa neman abin nazari. Wanda ya gaji akwatin, hakkin da ke kansa shi ne ya juye shi a kwamfuta tun zaren bai mutu ba, don wata ɗaukar ba ta da ta biyu.