Haddar Lambobi Da Ilimin Ramzi Da Muka Bari A Gafaka

Duk shekara idan 14 ga Maris ta zagayo, ranar da UNESCO ta keɓe tun 2019 a matsayin Ranar Lissafi ta Duniya, sai labarin Rajveer Meena ya sake tasowa a shafukan sada zumunta. Shi ne ɗan Indiyan da aka ɗaure wa idanu a Maris ɗin 2015, ya shafe kusan awa goma yana zubo lambobi 70,000 na "fai" da ka, har ya shiga kundin bajinta na Guinness. Sharhin da ke biyo baya kuwa ba ya sauyawa. Wasu su ce aljanu gare shi, wasu su ce ai ƙwaƙwalwar mutanen can daban take. Duka biyun kuskure ne, amma na biyun ya fi illa, don shi ke kashe wa yaranmu gwiwa.

Fai dai shi ne adadin da ake samu idan aka raba tsawon kewayen da'ira da faɗinta. Yana farawa da 3.14159, ba ya ƙarewa, ba ya kuma komawa ya maimaita kansa. Masana kimiyya ba sa buƙatar dubbansa. Injiniyoyin NASA da ke tura kumbo zuwa wasu duniyoyi lambobi 15 na bayan ɗigo suke aiki da su, kuma kimanin 40 sun isa a lissafa kewayen dukkan sararin da ake iya hangowa ba tare da kuskuren ya kai girman ƙwayar zarra ɗaya ba. Ke nan haddar 70,000 gasa ce kawai. Abin koyi a cikinta shi ne dabarar.

Tun 1956 George Miller, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya nuna cewa abin da mutum ke iya riƙewa a ji ɗaya bai cika wuce abubuwa bakwai ba. A 1980 wasu masana na jami'ar Carnegie Mellon suka buga sakamakon horar da wani ɗalibi da ya tashi daga lambobi bakwai ya kai kusan 80. Ɗan tsere ne, sai ya riƙa mayar da kowane rukunin lambobi lokacin gudun wani tsere da ya sani. Da aka jarraba shi da haruffa sai ya faɗo kusan shida. Ƙwaƙwalwarsa tana nan yadda take. Abin da ya koya shi ne ya yanka doguwar lamba gunduwa-gunduwa, ya ba kowace gunduwa ma'ana.

Wannan kuwa malaman ƙasar nan sun san shi tun ba a haifi kakannin waɗannan masana ba. A hisabin abjadi kowane baƙi yana da adadinsa: alu ɗaya, ba biyu, jim uku, dal huɗu, ya goma, ra 200, haka har zuwa dubu. Tsarin Magrib muka gada, shi ya sa shin a wurinmu 1000 ne, alhali a ƙasashen Gabas 300 ne. Da wannan ne malaman jihadi ke rufe da yawa daga waƙoƙinsu da ramzi, wato kalma guda da ke ɗauke da shekarar da aka gama waƙar. Ana samun haka a rubuce-rubucen Shehu Usmanu, da Malam Abdullahi na Gwandu, da Nana Asma'u. A ɗauki shekarar da Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, 1218 bayan Hijira, daidai da 1804. Shin dubu, ra ɗari biyu, ya goma, ha ƙarami takwas: baƙaƙe huɗu, kalma ɗaya, ta shige cikin baiti ta zauna da karinta. Tsohuwar da ta haddace waƙar tana daka ta riƙe tarihi ko ba ta san ta riƙe ba, kuma mai kwafe littafi da wuya ya ɓata shekarar, don in ya rage ko ya ƙara baƙi karin waƙa zai tona shi.

Ilimin taurari ma da waɗannan baƙaƙe ya yi tafiya ƙarnoni, da su masanan Musulmi ke cika jadawalin motsin rana da wata. A 1424, a Samarƙand, Jamshid al-Kashi ya lissafa fai har lambobi 16 na bayan ɗigo. Burinsa ya auna kewayen sararin samaniya, yadda aka fahimce shi a zamaninsa, kuskuren bai kai kaurin gashin doki ba. An haura shekara 150 kafin wani ya wuce shi. Mu ma muna da namu: Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake tsara lambobi a gidajen hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Claudia Zaslavsky ta yi bayanin aikinsa a littafinta na tarihin lissafin Afirka a 1973. Ɗalibai nawa ne a Katsina suka taɓa jin sunansa a ajin lissafi?

Dalilin watsi da wannan ilimi a fili yake. Mun bar wa 'yan tsibbu da masu duba hisabi, har ya kai ga da an ambaci abjadi sai a ɗaure fuska. Ɗan boko yana kallonsa camfi, wani malamin yana gudun kada a jingina masa bokanci, ilimin ya faɗi a tsakani. Amma don wani ya yi duba da baƙaƙe, wannan bai haramta ƙidaya da su ba.

Ga kuma buƙata ta zo har gida. Lambar waya guda 11 ce, NIN 11, BVN 11. Mutane na rubuta su a bayan takarda, ko su miƙa wa wanda ba su sani ba ya duba musu, 'yan damfara na samun ƙofa. A makaranta ana tilasta wa yaro haddace gudun haske, mita 299,792,458 a daƙiƙa, gudun da ke kawo mana hasken rana cikin minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi, ba a nuna masa hanya ba. A raba lambar gida uku. Rukunin ƙarshe, 458, ta ne da nun da ha ƙarami, a karanta "tanaha". Almajirin da ya iya babbaƙu zai kama wannan a zama ɗaya, ya ma koya wa ɗan sakandare.

Littattafan malaman jihadi suna nan a Arewa House da ke Kaduna, da gidan tarihin Waziri Junaidu a Sakkwato, da sashen rubuce-rubucen Larabci da Ajami na jami'ar Yamai. Hukumar kula da ilimin almajirai da aka kafa a 2023, da ma'aikatun ilimi na jihohi, su zauna da alarammomi da malaman lissafi a fitar da ɗan littafi na abjadi da ramzi don 'yan firamare da tsangaya. Tsofaffin da suka iya abin suna ta ƙarewa, a je a same su yanzu.