Doki a Matsayin Abokin Jinyar Zuciya

Bahaushe kan gargaɗi mai fushi da kada ya hau dokin zuciya. Sai ga shi masana a yau suna bincike a kan ko dokin turke zai iya sanyaya wannan zuciyar.

Tambayar ta shafi ƙasar Gobir ƙwarai. Tun zamanin Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, doki ne abin yaƙi da adon sarauta a wannan yanki. Amma hare-haren 'yan bindiga a Sabon Birni da Isa, waɗanda tun 2019 suka tilasta wa dubban mutane tsallakawa zuwa jihar Maraɗi, sun bar wani rauni da ido ba ya gani. Yaron da ya tsira yakan yi fama da mugun mafarki, da zabura in ya ji ƙarar babur, da kasa natsuwa a aji. In alamomin suka wuce wata guda suna hana mutum harkokinsa, likitoci kan kira su ciwon firgita bayan bala'i.

To, ina ruwan doki da wannan? Doki dabba ce da a daji farautarta ake yi, don haka yake lura da motsin duk wanda ya kusanto shi. A 2016 masana a Jami'ar Saseks ta Ingila sun nuna wa dawaki hotunan fuskokin mutane, sai bugun zuciyarsu ya fi saurin hauhawa idan fuskar ta mai fushi ce. Ke nan wanda ya zo a hargitse zai ga dokin yana ja da baya. In ya sassauta numfashi da murya, sai dokin ya saki jiki. Ta haka majinyaci ke ganin halin zuciyarsa a fili, ya kuma koyi sarrafa shi. Sau da yawa ma ba a hawa: goge jiki ne, da ba da harawa, da jan ragama, bisa kulawar ƙwararren ma'aikacin lafiya.

A 2021 Jami'ar Kolumbiya ta Amurka ta fitar da sakamakon gwajin wannan hanya a kan tsofaffin sojoji 63 masu ciwon firgita. Bayan mako takwas, kimanin rabinsu sun sami sauƙi a bayyane. Sai dai ɗalibin kimiyya ya lura: ba a kwatanta su da wani rukuni da bai kusanci doki ba, saboda haka ba a tantance ko dokin ne ya yi aikin ba, ko kuwa iska da zama cikin jama'a.

Don haka doki mataimaki ne, ba madadin likita ba. Ɗalibin da malami ya ga alamomin nan a tare da shi, a fara kai shi asibiti. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware. Sauran aiki na masananmu ne. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana horar da likitocin dabbobi da na mutane, Gobirawa kuma sun gaji sanin doki kaka da kakanni. In aka haɗa hannu aka yi gwaji mai rukunin kwatanci, za a sami amsar da ta dace da yaranmu. Sai an gwada akan san na ƙwarai.