Daga Tabla zuwa Filinge a kan keke

A wannan karo ba a zaune muka rubuta muku shafin lafiya da noma ba. Kekuna muka hau, mu uku, muka kama hanyar da ta tashi daga Tabla ta nufi Filinge, a ƙasar Kurfai. Mun yi tafiyar a ƙarshen watan Janairu, hunturu bai gama janyewa ba. Abin da muka gani da abin da ya same mu, shi ne muka kawo muku.

Daga Yamai zuwa Baleyara wajen kilomita 100 ne, Tabla kuma tana gaba kaɗan da Baleyara. Daga Yamai zuwa Filinge wajen kilomita 180 ne. Mota takan cinye wannan hanya kafin mutum ya ga komai, kuma ba kullum manomi yake da kuɗinta ba. Akwai wani dalili kuma. A shekarar 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihar Tilaberi, saboda hare-haren ƴan bindiga. A farkon watan Janairu na 2020 hukuma ta hana hawan babur a sassa da yawa na jihar. A lokacin nan ne wasu suka tuna da tsohon kekensu, suka kakkaɓe masa ƙura. Keke ba ya shan mai, ba ya cin ciyawa.

Kafin mu tashi, sai da muka gaida maigari, muka tambaye shi labarin hanya. Kowa ya sa katinsa na ɗan ƙasa a aljihu. Muka yi shawara cewa ba za mu yi tafiyar dare ba, ko da gari yana kusa. Duk mai son bin sawunmu ya fara da wannan, don hanyar da take lafiya yau tana iya canzawa gobe.

Kogin da ya ƙafe

Tabla tana cikin ƙasar Tagazar, a kwarin da ake kira Dallol Boso. Wannan kwari tsohon kogi ne da ya ƙafe tun dubban shekaru. Ya taso daga arewa, wajen Azawak, ya gangara kudu har ya iske kogin Isa kusa da Bumba. Ruwan ya bar doron ƙasa, amma bai yi nisa ba. A wasu wurare gaba biyu ko uku kawai ake haƙawa a same shi. Shi ya sa muka yi ta wuce garake masu albasa, da tumatir, da kabeji, alhali tudun da ke gefe ya bushe ƙurmus.

Goriba tana da yawa a nan, mata suna saƙa tabarmi da kabarta. Amma itacen da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne gawo. Gawo yakan zubar da ganyensa da damina, ya tsiro da sabo da rani. Don haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyen da ya zuba kuma taki ne. Da rani dabbobi sukan taru a inuwarsa suna cin ƴaƴansa, su bar kashinsu a wurin. Mun ga gonakin da aka bar ƙananan gawo suna tasowa, an yi musu sassabe, an bar reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi. Mun kuma ga gonakin da aka share tas. Karan hatsin da ya rage a gindin gawo ya fi na fili kauri, ko yaro ya duba zai gane.

Kusancin ruwa yana da nasa haɗari. Rijiyar da ba ta da zurfi, ba ta da murfi, ƙazanta tana saurin shiga cikinta. Matafiyi mai ƙishirwa ba ya zaɓe, a nan gudawa take kama shi. Mu dai kowa ya ɗauko jarka ta lita 5. In muka sake cikawa a hanya, sai mu tace da tsumma mai tsabta, mu sa ƙwayar Aquatabs yadda aka rubuta a takardarta, mu jira minti 30 kafin mu sha.

Iska da rairayi

Ba mu yi tafiyar awa ɗaya ba muka gane kuskurenmu na farko. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, mu kuma can muka dosa. Kamar mutum ne ya dafa maka ƙirji yana tura ka baya. Leɓuna suka tsage, hanci ya bushe. Rawani ya yi mana rana, haka ma man kaɗanya.

A irin wannan iska gumi yakan bushe nan take, sai mutum ya ɗauka bai yi asarar ruwa ba. Ya yi. Kada a jira ƙishirwa, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. A duba fitsari: in ya yi ja, kuma ya yi kaɗan, jiki yana neman ruwa. Da bazara, a watannin Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40 a wannan ƙasa. A lokacin nan a tashi da asuba, a sauka da hantsi, a jira la'asar. In mahayi ya ji jiri, ko ciwon kai, ko jijiyoyin ƙafa suna ɗaurewa, ya sauka ya shiga inuwa. A ba shi ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In ya fara sambatu ko ya suma, abin ya wuce nan. A jiƙa masa jiki, a yi masa fifita, a garzaya da shi gidan likita. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa a baki.

Hanya ta ratsa ƙasar Tondikandiya, wadda babban garinta shi ne Damana. A wannan ƙasa garin Fandu yake, inda aka haifi Janar Seyni Kunce, inda kuma aka rufe shi a shekarar 1987. Dattawa suna tuna yadda gwamnatinsa ta matsa wa jama'a su kama noman rani bayan farin 1984. A nan muka kwana.

Dankalin Bonkuku

Kashegari muka isa Bonkuku, babban garin Imanan, wanda ya yi suna da noman dankalin turawa. Ana shuka shi in sanyi ya shigo, a tone bayan wata uku ko fiye kaɗan. Mun tarar da wasu sun fara tono, kekuna suna ta jigila daga garka zuwa bakin hanya.

A nan muna da magana da manoma. Mun ga kekunan da aka ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinsu, ƙafar baya ta karkace, wayoyinta sun tsintsinke. Gyaran yakan ci ribar ranar. Gara a yi sawu biyu. A shimfiɗa tsohon buhu ko ciyawa a kan kariya, don ƙarfe kada ya ƙuje dankalin. Wanda ya ƙuje shi ne yake fara ruɓewa, ya kuma ɓata na kusa da shi. Sannan a rufe kayan. Dankalin da ya daɗe a hasken rana yakan yi kore, koren nan kuwa yana da ɗaci da guba mai sa amai da ciwon ciki. A yanke wurin da ya yi kore a zubar. In koren ya yi yawa, a yar da shi gaba ɗaya.

Mutumin da muka tarar a hanya

Bayan Bonkuku, wajen azahar, muka hango wani magidanci yana tura keke da ƙafa. Ɗansa, wanda bai wuce shekara uku ba, yana ɗaure a bayansa da zane. Jikin yaron ya yi zafi rau. Uban ya ce kwana biyu ke nan, kuma da dare ya yi ta amai. Ya fito da sassafe zai kai shi gidan likita, ƙaya ta huda masa taya. Ba shi da famfo, ba shi da kayan faci. Tun hantsi yake tafiya a ƙasa.

Muka kwantar da keken. Muka zare robar ciki, muka hura mata iska, muka bi ta da ruwa har muka ga inda take kumfa. Muka goge wurin, muka shafa sholisho, muka jira ya sha iska, muka manna faci. Sannan muka shafa cikin tayar da yatsa a hankali, muka ciro ƙayar aduwa. Wanda ya manta da wannan, sabon facinsa ba zai kai ko'ina ba. Duk aikin bai kai rabin awa ba. Ɗayanmu ya juya ya raka su. Da ya dawo ya ce an gwada jinin yaron, an ga zazzaɓin cizon sauro ne, an fara ba shi magani.

Mun daɗe muna zancen wannan a hanya. Sauro ya fi yawa da damina, amma inda ake ban-ruwa ba a rasa shi da rani. Zazzaɓin ƙaramin yaro ba ya son jira: a kai shi a gwada shi a ranar da ya fara, kada a kwana biyu. Famfo, da faci, da sholisho, da sifana ɗaya, duka suna shiga ƙaramar jaka a ƙarƙashin sirdi.

Uban nan ya yi daidai da ya goya yaron. Mun sha ganin yara zaune a kan kariya, ƙafafu suna lilo. Diddige yakan shiga cikin wayoyin ƙafar keke, ya yi mummunan rauni. A ɗaura katako ko kwali mai kauri a gefe biyu, a sa wa yaro takalmi. In an ji rauni, a wanke da ruwa da sabulu sosai, a rufe da tsumma mai tsabta. Kada a sa ƙasa, ko kashin shanu, ko baƙin mai. Ta nan cutar sarƙewar haƙora, wadda likitoci ke kira tetanos, take shiga jiki. A je a tambayi allurarta. Mace mai naƙuda kuwa ba a ɗora ta a keke, amalanke ko mota ake nema mata.

Filinge

Da hantsin kwana na uku muka shiga Filinge, ko Hilinge, yadda Kurfayawa suke faɗi. Muka sayi cuku, muka ci da shayi. Arewa da garin akwai gidan kiwo na Tukunus, inda ake renon shanun Azawak masu yawan nono tun shekarar 1954. Mun so mu ƙarasa, amma aka ba mu shawara mu tsaya, muka tsaya.

Kafin mu juyo, muka wanke sarƙar kowane keke da kananzir, don rairayi ya haɗu da mai ya zama kamar dutsen wasa wuƙa. Muka ɗiga sabon mai kaɗan, muka goge sauran, muka ɗaure birki. A komowa iska tana bayanmu. Hanyar da ta ci mana kwana biyu da rabi, kwana ɗaya da yini muka yi mata, muka iso Tabla ana kiran la'asar.