Abin da ya kamata ku sani game da littattafan yara masu koyar da karɓar baƙo

Akwai wani rukunin littattafan yara da ya yawaita a Turai da Amurka cikin shekarun nan. Ƙanana ne, akasari shafi 32, hoto ya fi rubutu yawa, kuma labarinsu kusan ɗaya: yaro ya sauka a garin da bai san kowa ba, sai a ga yadda ƴan garin suka karɓe shi, ko suka juya masa baya. Babba ne ke karanta wa yaro, a gida ko a aji, tun kafin yaron ya iya haɗa baƙaƙe.

Daga cikin waɗanda suka yi suna akwai The Name Jar na Yangsook Choi, wanda ya fito a 2001. Wata yarinya ce ƴar Koriya ta koma Amurka, ƴan ajinsu suka kasa faɗin sunanta, har ta fara tunanin sake suna. Akwai Four Feet, Two Sandals na 2007, labarin ƴan mata biyu ƴan Afganistan a sansanin gudun hijira na Peshawar, a Pakistan, waɗanda kowacce ta tsinci ƙafa ɗaya ta takalmi a wurin rabon kaya, suka dinga sa shi karɓa-karɓa. Sai The Arrival na Shaun Tan, ɗan Ostareliya, na 2006, wanda babu rubutun da za a karanta a cikinsa, hotuna ne zalla, don mai dubawa ya ɗanɗana ruɗewar wanda ba ya jin yaren gari.

To, me ya haɗa uban yara a Maraɗi da wannan?

Tun 2019 hare-haren ƴan bindiga a jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina suka koro mutane zuwa jihar Maraɗi. Kafin ƙarshen wannan shekarar hukumar kula da ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, HCR, ta ce sun haura 40,000, mafi yawansu mata da yara. Ba sansani aka fara kai su ba. Mutanen ƙauyukan Gidan Rumji ne suka buɗe musu ɗakuna da rumbuna, daga baya aka matsar da wasu nesa da iyaka, zuwa Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, inda suke zaune tare da ƴan gari, rijiya ɗaya, lakwal ɗaya. Wasu kuma sun shige Tibiri da birnin Maraɗi wurin dangi. Ke nan yaron da ke aji uku a yankin nan ba labarin baƙo yake ji a rediyo ba, ga shi nan kusa da shi a kan tabarma ko benci.

Sai dai wanda ya ɗauko littafin Amurka ya karanta wa ɗan Tibiri zai ga akwai inda bai zauna ba. A can, baƙo dabam yake tun daga fata har abinci. A nan, yarinyar da ta zo daga Sabon Birni Bagobira ce kamar ƴar Tibiri, wataƙila kakarta da kakar ƴar gari zane ɗaya ne a fuskarsu, domin Sabon Birnin ma ƴan gidan sarautar Tibiri ne suka kafa shi. Hausa take yi, tuwon hatsi take ci, sallarsu ɗaya. Bambancin ƙanana ne, amma su ne ke sa yaro kuka. An aike ta shago tana lissafi da naira, mai shago na ce mata dala ashirin, ta tsaya tana raba ido. Ta yi aji huɗu da Turancin Ingilishi, ta zo ta tarar da Faransanci, aka mayar da ita cikin ƙannenta. Tana cewa malam, ana cewa mushe, aji ya fashe da dariya. Kuma in ɗan kabu-kabu ya wuce bayan aji da gudu sai ta dunƙule, domin a garinsu ƙarar babura da yawa ba alheri take kawowa ba. Littafin da ya kama waɗannan abubuwa shi ne namu. Wanda ya zana yara masu fata kala-kala sun riƙe hannu sun zagaye duniya, ado ne kawai.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ba a cika gaya wa yaran Maraɗi cewa garinsu ma masu neman mafaka ne suka ɗaukaka shi ba. Da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunanta na Haɓe suka yi arewa da jama'arsu, har Ɗan Kasawa ya kafa sarautarsa a Maraɗi wajen 1819, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Gobirawa kuma suka rasa Alƙalawa a 1808, suka yi ta fama, sai bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Mayaƙi ya kafa Tibiri. Ba daji suka tarar babu kowa ba, akwai masu ƙasa a kwarin gulbi da suka zauna da su. Ko a 1945, da ambaliya ta cinye tsohon gari, sai da Maraɗi ta kwashe kayanta ta hau tudu. Duk wanda ke neman labarin da zai rubuta wa yara a kan barin gida da soma rayuwa a wani wuri, ga shi nan a ƙofar fada.

Kuma baƙo ba ɗan gudun hijira kaɗai ba ne. A Jiratawa, inda ake noman rani da ruwan famfo, ana fitar da zogale buhu-buhu, akwai ƴan ci-rani da ƴan sari masu zuwa da tafiya. Akwai ɗan ma'aikacin da aka yi wa canji daga Dosso, Zabarmanci ne a bakinsa. Akwai ɗan Fulani ko ɗan Buzu da iyayensa ke saukowa da dabbobi bayan an kwashe amfanin gona. Wannan na ƙarshe shi ya fi bukatar littafi mai adalci, domin abin da yaron manomi ke ji a kansa a gida ba kullum yake da daɗi ba, kuma dattawan yankin ba su manta da Toda ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100 a 1991.

Ba daga sifili za mu fara ba. Hausawa na cewa baƙonka annabinka, suna kuma cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, kuma yaro na jin duka biyun. Labarin Bayajida, a gindinsa, labarin matafiyi ne da ya sauka Daura da dare ya roƙi tsohuwa ruwa. Yara na son sa saboda macijin rijiyar Kusugu, amma mai ba da shi ya yi hattara da wutsiyarsa, inda ake raba mutane zuwa Hausa bakwai da banza bakwai. A Islamiyya kuma kowane yaro ya ji yadda mutanen Madina suka raba gida da dukiya da waɗanda suka yi hijira daga Makka, da yadda Najashi ya ba Musulmi mafaka a Habasha. Ga kuma wasan taubasai, irin na Fulani da Barebari, ko Zabarmawa da Buzaye, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya da sunan Nijar a 2014. Wannan kam sai da gwaninta a kan takarda, domin tsokanar da ke sa dariya a kasuwa tsakanin mutum biyu da suka san ƙa'idarta, in aka buga ta a littafi aka miƙa wa ɗan shekara shida, tana iya komawa zagi.

Ina ake samun littattafan? A nan ne aikin yake. Nijar ta fara gwada koyarwa da harshen gida tun 1973 a Damagaram, kuma kundin tsarin mulkin da aka kafa a 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, amma wanda ya zaga masu sayar da littattafai a kasuwar Maraɗi zai fi ganin na addini, na jarrabawa, da na soyayya daga Kano. Kamfanonin ɗab'i irin su Albasa da Gashingo a Yamai sun buga littattafai da harsunan ƙasa, har da na yara. Mai waya kuma yana iya shiga African Storybook a intanet, wani shiri na Afirka ta Kudu mai ɗauke da labaran yara kyauta da harsuna da yawa, har da Hausa, kuma an yarda a sauke, a buga, a fassara. Ba duka ke magana a kan baƙo ba, sai an tona.

In kun samu, ku duba abu biyu kafin ku biya ko ku buga. Shin baƙon da ke ciki yana da suna, da hali, da abin da ya iya wanda ƴan gari ba su iya ba, ko kuwa an zana shi ne kawai da tsumma da ƙwarya don a ji tausayinsa? Yaron da aka koya wa tausayi kaɗai zai ba da ragowar abinci, amma ba zai ja baƙo cikin wasan langa ba. Sannan, shin labarin ya yarda cewa zama da baƙo na da wuya? Layin famfo ya ƙara tsawo, ɗakin da ake kwana mutum huɗu ya koma bakwai, yaro ya san haka sarai, kuma littafin da ya ɓoye masa ba zai gaskata shi ba. Wa'azin da ake liƙawa a shafin ƙarshe kuwa, ni dai tsallake shi nake yi.

Wajen karantawa, malami ya kiyaye abu guda: kada ya rufe littafi ya juya ya ce, "Wance, tashi ki ba mu labarin yadda kuka gudo." Wani yaron ya ga abin da babba ma ba ya son tunawa. A bar tambaya a kan na cikin littafi: me ya sa ta yi shiru, wa ya fara yi mata magana, da kai ne me za ka ce? In tana son ta yi magana, za ta yi a ranar da ta ga dama.

Inda babu littafi, ana iya yin sa. Farar takarda takwas a ninke biyu, a ɗinke da zare, ta ba da shafi 32. Malami ko uwa su rubuta jimla ɗaya ko biyu a kowane shafi, yara su yi zanen, har da baƙin da ke cikinsu, domin su ne suka san siffar kasuwar garinsu da irin motar da ta kawo su. Sai a lura da rubutu: yaron da ya koyi Hausar boko a Najeriya ya saba ganin 'y inda Nijar ke rubuta ƴ, don haka a nuna masa tun shafin farko cewa harafi ɗaya ne.