Miksa Ba Ta Ƙara Wa Kankare Siminti

Duk wanda ya bi ta Hunkuyi da Taba, ko ya shiga Makarfi da Ikara a 'yan shekarun nan, zai ga yadda ginin bulo yake ture na ƙasa. Kuɗin rake da tumatir da masara ne suke komawa shaguna da benaye. Ranar zuba dakin, wato rufin kankare, kuwa sai an ɗauko hayar injin kwaɓa kankare, wanda leburori suke kira miksa, ta yini tana ruri, mai gida yana gefe hankalinsa kwance, wai tunda inji ne aiki ya yi kyau.

Aikin miksa ɗaya ne: ta juya abin da aka zuba mata har ya haɗu. A nan ta fi shebur nesa ba kusa ba, domin cikin kamar minti 2 kowace tsakuwa ta sha siminti, alhali kwaɓin hannu yakan bar wani gefe fari, wani gefe jiƙe, musamman in rana ta take, ƙarfin leburori ya ƙare. Amma awo na hannun mutum.

Awon da aka fi sani shi ne 1:2:4, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Buhu kilo 50 ne, na Dangote ne daga Obajana, ko na BUA daga Sakkwato, ko na Ashaka daga Gombe, kuma yakan cika kwanon leburori biyu. Ke nan buhu guda na son kwano 4 na yashi da 8 na tsakuwa. Mai ƙara kwano biyu a kai don siminti ya yi auki, da rufin da 'ya'yansa za su kwana a ƙarƙashi yake ciniki. Yashin ma a duba shi: a zuba kaɗan a kwalba da ruwa, a girgiza, a ajiye. In laka ta kwanta da kauri a samansa, a mayar da tifar.

Babbar matsalar ita ce ruwa. Za ka ji masu ɗauka suna cewa, "Oga, a ƙara ruwa, ya yi tauri!" Ba laifinsu ba ne, mai ruwa-ruwa ya fi sauƙin zubawa tsakanin rodi. Sai dai buhu ɗaya bai cika buƙatar fiye da kamar lita 25 ba. Rarar ruwan takan ƙafe daga baya ta bar ƙananan ƙofofi a ciki, ta nan damina za ta shiga ta sa rodi tsatsa. Maganin tauri shi ne a daddaga kankaren da injin girgiza ko sanda har iska ta fita.

Abin mamaki, ruwan da aka yi almubazzaranci da shi wajen kwaɓi shi ake yi wa rowa washegari. Kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba. Siminti ne yake ci gaba da haɗuwa da ruwa, kuma sai ya kai kwana 28 injiniyoyi suke auna ƙarfinsa. A hunturu da bazarar ƙasar Zazzau, iska kan tsotse danshin cikin sa'o'i, fuskar dakin ta tsattsage. A yi masa bayi safe da yamma aƙalla kwana 7, a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna, kada kuma a bar kafinta ya cire sandunan tokara don yana sauri ya kai katakonsa wani aikin.