Hular haƙori a zama ɗaya: abin da injin ke yi da abin da ba ya yi

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba. Yau maganar haƙori za mu yi.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san haƙorin Makka. Hajiya ta dawo, ta yi murmushi, sai ka ga zinare ko azurfa yana ƙyalli. Yawanci ba cire haƙorin aka yi ba, kwanso ne aka ƙera aka kifa a kan na asali. To irin wannan kwanson, idan don magani aka yi shi ba don ado ba, shi ne Turawa ke kira kambi, irin na sarauta. Ni dai hula zan riƙa cewa, don ta fi kama da abin.

Yaushe haƙori ke buƙatar hula? Idan ya fashe, ko a hatsarin babur, ko garin tauna ƙashi da ƙanƙara, ko wajen buɗe kwalbar lemo, wannan jarumtar da samari ke yi a majalisa. Ko kuma rami ya ci shi sosai har ciko ba zai zauna ba. Ko an cire masa jijiya an wanke ciki an cike, musamman turame na can ciki, domin irin wannan haƙorin ya fi saurin tsagewa. Farin ɓawon da ke saman haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, ya fi ƙashi. Sai dai ƙashi idan ya karye mai ɗori ya ɗaure shi, yana haɗewa. Haƙori ba ya ɗoruwa. Abin da ya guntule ya tafi ke nan, sai dai a yi masa madadi.

Yadda aka saba yin hular shi ne zuwa biyu. Zuwan farko likita ya yi allurar kashe zafi, ya fiƙe haƙorin ta kowane gefe, ya rage kamar milimita 1 zuwa 2 don hular ta samu wurin zama. Sai a cika wani ɗan faranti da kwaɓi mai danƙo a danna maka a baki, ka zauna shiru na 'yan mintoci, wasu har yunƙurin amai suke yi. Wannan shatin ake aika wa masu ƙera haƙori, su zuba siffar bakinka, su gina hular da hannu. Kai kuma a manna maka ta roba ta wucin gadi, a ce ka dawo bayan sati biyu ko uku. A tsakani tana iya faɗowa kana tsaka da cin tuwo. Idan ka dawo aka ga ba ta zauna daidai ba, a sake lale.

Wannan jiran ne wani likitan haƙori a Jami'ar Zurik ta ƙasar Suwizalan, Werner Mörmann, ya so ya kawar. Ya haɗa kai da wani injiniya, Marco Brandestini, suka ƙera na'urar da suka sa wa suna CEREC, aka fara yi wa majinyaci aiki da ita a 1985. Kafin su ma wani Bafaranshe, François Duret, ya rubuta tunanin haɗa kwamfuta da ƙirar haƙori tun 1973. Kamfanin Siemens na Jamus ne ya fara fitar da CEREC kasuwa, yau kuma tana hannun Dentsply Sirona, kuma akwai wasu kamfanonin da ke yin irinta. Ta farkon ƙananan ciko kawai take iya sassaƙawa, cikakkiyar hula sai a shekarun 1990. Na kawo wannan ne saboda masu talla suna cewa "sabuwar fasaha". Ta kai shekara 40, ta girmi yawancinmu.

Yanzu ga yadda zaman yake. Allura da fiƙa suna nan yadda suke, babu abin da ya sauya, kada wani ya ce maka ba za a taɓa haƙorinka ba. Bambancin yana farawa daga wajen awo. Maimakon kwaɓi, likita zai zura wata kyamara mai kama da babban buroshi, ya bi da ita ta kan haƙorin da aka fiƙe, da maƙwabtansa, da wanda yake cizo a kansa. Kana kwance kana ganin bakinka yana fitowa a allon kwamfuta, ana juya shi ta kowace fuska. A da sai an fesa wa haƙoran farar hoda kafin kyamarar ta gani, na yanzu ba sa buƙata. Daga nan manhajar ta kawo shawarar siffar hular, likita ya gyara: nan ya yi tudu, nan bai taɓa maƙwabci ba, nan ne iyakar da hular za ta tsaya.

Sai a sa wani dunƙulen tangaran, da kaɗan ya fi dunƙulen magi, a cikin injin sassaƙa. Wasu 'yan tsinke masu ɓarbashin daimon su yi ta cin sa, ruwa na fesowa, cikin minti 10 zuwa 20 hula ta fito. Wani nau'in tangaran ɗin, wanda ake sayarwa da sunan e.max, shuɗi-shuɗi yake fitowa daga injin, in ka gani sai gabanka ya faɗi. Ana sassaƙa shi ne yana da ɗan taushi, sai an gasa shi a tanderu mai zafin kusan digiri 850 kafin ya yi tauri ya koma launin haƙori. Akwai kuma zakoniya, wadda ta fi ƙarfi. Ita gashinta yana kaiwa wajen digiri 1,500, kuma tana ƙanƙancewa da kusan kashi ɗaya cikin biyar a wuta, don haka kwamfutar da gangan take sassaƙa ta da girma, ta lissafa abin da wuta za ta ci. Wannan lissafin yana burge ni wallahi. Bayan gashi a gwada, a duba cizo, a manne. Duka-duka kamar awa biyu.

Wa wannan ya fi yi wa rana? A ganina ba ɗan gayu mai gaggawa ba ne. Mutumin da ya taso daga ƙaramar hukuma mai nisa ne, ya biya kuɗin mota, ya bar shago ko gona. A ce masa ya dawo bayan sati uku, sau da yawa ba ya dawowa. Zai zauna da hular roba har ta faɗi, fiƙaƙƙen haƙorin ya zauna tsirara, ya ruɓe, ƙarshe a cire. Kuma giɓi ba ya zama giɓi kawai: na gefe suna karkatowa cikinsa, na sama yana zazzagowa, ƙashin wurin yana raguwa, cike gurbin daga baya ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Matsalar ita ce shi wannan mutumin ne abin ya fi yi wa nisa. Injin da kuɗin waje ake sayo shi, dunƙulen tangaran ɗin ma haka, ga shi yana son wutar da ba ta ɗaukewa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, kuma uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu suke. Abin da nake so masu ruwa da tsaki su duba shi ne, aikin yana rabuwa. Kyamara tana iya zama a ƙaramin asibiti, a tura awon ta intanet zuwa inda injin yake a birni. Ba zai zama zama ɗaya ba, amma an rage kwanaki da yawo. Kuma zana hula a kwamfuta sana'a ce da matasanmu masu karatun ƙirar haƙori za su iya kamawa.

To ga inda nake so ku buɗe kunne. Kyamarar abin da take gani kawai take ɗauka. Idan karayar ta nutse ƙarƙashin dasashi, ko wurin yana jini, ko yawu ya rufe, awon zai fito da kuskure, injin kuma kuskuren zai sassaƙa maka tsaf. Idan bakin hular bai rungumi haƙorin ba, ƙwayoyin cuta za su shiga ta wannan 'yar kafar su ci haƙorin a ƙarƙashi, kai kana ganin waje fes. Tangaran ba ya ruɓewa, amma abin da ke ƙarƙashinsa yana ruɓewa. Likitan da ya ce maka "naka ba na zama ɗaya ba ne" wataƙila shi ne ya fi ƙaunarka. Haka haƙoran gaba: haƙorin mutum ba launi ɗaya ba ne, wajen dasashi ya fi duhu, bakinsa yana ɗan wuce haske. Ƙwararren maƙeri yana jera wannan daki-daki da hannu, abin da dunƙule ɗaya ke wahalar kamowa. Idan ɗaya tak ne a gaba, sati biyu ba asara ba ce.

Sannan 'yan'uwana masu bibiyar Instagram da TikTok, ku yi hattara da fararen haƙoran nan masu kama da tayil. A Ingila har suna aka sa wa abin, "haƙoran Turkiyya", saboda yadda matasa ke tafiya can a fiƙe musu lafiyayyun haƙora a jere a kifa huluna. Hula ba ta dawwama. Da yawa sukan kai shekara 10 zuwa 15, wasu su wuce, amma wata rana sai an sauya. Ɗan shekara 25 da ya fiƙe haƙora goma don ado ya ɗaukar wa kansa hidimar da zai yi ta biya har tsufa, kuma wani lokacin fiƙar kan fusata jijiya har sai an cire ta.

Idan likita ya ce sai hula, ka nemi ya nuna maka hoton haƙorin, saboda idan akwai ciwo a saiwa, shi ake fara magancewa kafin a rufe. Ka tambaya ko ciko ko rabin hula zai wadatar, don injin nan yana yin su, kuma sun fi barin haƙorin asali. Ka tambayi wane tangaran za a sa, kuma idan ta fashe ko ta fita cikin 'yan watanni, wa zai biya. Idan kana cizon haƙora cikin barci ka faɗa tun kafin a fara, domin hakan na sauya zaɓin, wataƙila ma a haɗa maka da robar da ake kwana da ita a baki. Bayan an manna, idan ka ji ita ke fara taɓawa in ka rufe baki, ko zafi ya ƙi lafawa bayan 'yan kwanaki, ka koma a rage tudun, aikin mintoci ne. Buroshi ko asuwaki kuma a bi da shi daidai inda hular ta haɗu da dasashi, a riƙa zura zaren sakace a tsakani.

Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.